Katakon Bayan Mota da Sunaye Tara

Shekara talatin da huɗu Baba Ummaru ya yi yana jan motar albasa daga Aliero zuwa kudu, bai taɓa kayar da buhu ɗaya a hanya ba. Na zauna na lissafa masa: sawu biyu a wata, a cire wata uku na tsakiyar damina da motar ke hutawa, ya kama sawu ɗari shida da sha biyu. A tashar Jega ba wanda ke kiransa da sunansa, sai dai a ce Giya-Biyu, wato giyar mota ta biyu, domin ko titi ya miƙe ba kowa a kai, allurar motarsa ba ta wuce sittin. 'Yan kasuwa masu gaggawa sukan yi masa gunaguni, amma in mutum ya zuba dukiyarsa duka a albasa, motar Giya-Biyu yake nema.

Surukina ne. Ina auren autarsa Rahma, shekara bakwai ke nan. A shekarun nan bakwai ban taɓa furta sunansa a gabansa ba, ban taɓa cin abinci yana kallo ba, ban taɓa shiga zaurensa da takalmi ba, in ban da rana ɗaya. In ya faɗi magana, ko na san ba haka take ba, amsata ɗaya ce: haka ne, Baba. Haka na taras ana yi, ban kuma taɓa jin nauyinsa ba sai a kan wani guntun katako.

A Karaye aka haife shi, ƙasar Maiyama, gidan noman gero da dawa. Su biyu ne maza a wajen ubansu, shi da ƙanensa Ya'ƙub. Yana ɗan shekara sha shida ya zo Aliero dakon albasa da rani, ya ga babbar mota, daga nan gona ta fita ransa. Wani direba mai suna Labbo ya koya masa tuƙi. Bayan shekara huɗu Ya'ƙub ya biyo shi, shi ma ya koya, shi ma aka ba shi mota. Sai dai ƙanen mai ƙafa ne, gudu yake so. Yakan ce wansa ba tuƙi yake yi ba, rakiyar mota yake yi.

Wata safiya sun yi lodi tare sun kama hanya. Suna wuce Maiyama Ya'ƙub ya danno oda, ya fito da hularsa ta taga yana kaɗa wa wansa, ya wuce. Bayan kamar kwata na awa, kusa da Giwa Tazo, Ummaru ya tarar da albasa ta rufe titi, mota tana kwance a gefe. Shi ya jawo ƙanensa daga ciki. Ba abin ɗaukarsa, sai ya zare katako ɗaya daga ƙyauren bayan motarsa, aka ɗora shi a kai. Ya mayar da katakon wurinsa bayan jana'iza, ya ci gaba da aiki da shi shekara ashirin da takwas.

Katakon madaci ne, mai kauri, baƙi saboda tsufa. Shi ne wanda sukan zare duk inda aka yada zango, a ɗora shi kan duwatsu biyu, a ci abinci a kai, a zauna a kai, wani ma ya miƙe ya yi barci. Jarkar man dizal tana jingine da shi shekara da shekaru, ya sha mai har ya ƙoshi. Da mai motar ya rasu, magada suka sayar da ita ga masu saran ƙarfe. Baba bai roƙi komai ba sai wannan katako. Ya ajiye shi a ɗakin shirgi, gara ta ci gefe da gefe. Abin da ya tsira, santimita hamsin da takwas ne a tsaye, ashirin da takwas a faɗi. Ni na auna.

Injin kuwa ta hanyata ya shigo gidan. Aikina haɗa sola, kuma na je wani aiki a Aliero na tarar da wani ɗalibi da ya gama karatu yana neman mai sayen ɗan injin sassaƙa, irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Bai fi teburin mai shayi ba. Na ba da labari a gida, Rahma ta kai wa ubanta, kwana uku sai ga aike: in raka shi ya gani. Ya tsaya yana sauraron kukan injin da kai a sunkuye, yadda yakan saurari mota kafin tafiya. Ya sayar da ragonsa ya saya. Inna Gudiya, matarsa, ta yi faɗa na mako guda. Ya ce mata direban da ba shi da injin da zai saurara, ciwo ke kama shi.

Ba sana'a ya mai da shi ba. Lambar ƙofa yake yi wa maƙwabta, da sunayen jikoki, da marataya ta ludayi, duk kyauta. Muka raba aiki ba tare da an ce a raba ba. Ni nake zana rubutu a kwamfuta, in sa lambobin yanka, in zuba a katin da ake sa wa injin in kawo. Shi yake ɗaure katako, ya riƙe ɗan rimot ɗin, ya danna.

Lambobin nan uku ne, duk wanda zai taɓa irin injin nan sai ya san su. Akwai juyi, wato sau nawa bakin yankan ke juyawa a minti. Wannan ana murɗa shi a kan injin, daga ɗaya zuwa shida. Akwai tafiya, wato milimita nawa bakin ke ci gaba a cikin katako a minti. Akwai zurfi, wato nawa yake nutsawa a kowane zagaye. Bakin da muke amfani da shi milimita uku ne, haƙoransa biyu. Abin da ake so shi ne kowane haƙori, in ya zo, ya gutsuro abin kirki ya jefar, domin abin da ya gutsuro ɗin shi ke tafiya da zafi. A katako mai tauri, ga inji irin namu, na tarar gutsuren da ya dace kashi huɗu ne cikin ɗari na milimita. Ka ninka shi da haƙora biyu, ka ninka da juyi dubu goma sha biyar, ka sami tafiya dubu da ɗari biyu. Zurfi milimita ɗaya da rabi. In lissafi ya yi daidai, abin da ke fita daga ramin kamar tsakin masara yake. In ka ga gari mai laushi yana tashi, to bakin ba yanka yake yi ba, guga yake yi, kuma guga wuta take haifarwa.

Ban san wannan duka a makon farko ba. A makon farko zumuɗi ne ya cika ni. Na sa tafiya dubu biyu da ɗari biyar, zurfi milimita huɗu, don in nuna wa Baba abin da injinsa zai iya. Daƙiƙa tara ya yi. Bakin ya karye, guntun ya tashi ya bugi kwanon rufi. Baba ya duƙa ya tsinto shi, ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Gudu ne." Na ce haka ne, Baba. Ranar kam haka ne ɗin.

Daga ranar ya gano maɓallin rage tafiya a rimot. Duk abin da na sa a kati, sai ya danna ya mai da shi kashi ashirin cikin ɗari. Juyi kuma ya murɗa shi zuwa shida, ya ce inji ya samu ƙarfi, kamar yadda ake ba mota wuta a ƙaramar giya in za a hau tudu. A farin katako mai laushi abin yana wucewa, sai dai gefen haruffa ya yi ja kamar an gasa. Shi kuwa yana son hakan, ya ce ya huta da fenti. A wata huɗu baki biyar suka dakushe, dukansu sun yi shuɗi don zafi. Na jera su a aljihun tebur ina kallo.

Bayan babbar salla direbobin albasa na Aliero suka gama sabuwar rumfarsu ta bulo, suka aiko wa tsofaffi cewa duk mai wani abin tarihi ya kawo a rataye ranar buɗewa, Asabar ta sama. Baba ya aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin zaure, ya fito da katakon a naɗe cikin tsohon bargo. Ya ce mutum tara ne ya yi hanya da su da suka riga shi gidan gaskiya, dukansu sun ci abinci a kan katakon nan, yana so a rubuta su a kai. Ya fara ƙirgawa da yatsu: Labbo, Shayau, Altine, Sahabi Danwarai, Na-Allah, Maidamma, Ɗan-Tani. Sai ya tsaya, yatsa na takwas a miƙe, bakinsa yana motsi. Na ƙirga numfashinsa, sha ɗaya, kafin Inna Gudiya ta ce daga cikin gida, Bawa makaniki. Ya ce shi ne, Bawa. Na tara bai buƙaci tuni ba.

Ya ce Ya'ƙub a sama za a sa shi, amma shi za a yanka ƙarshe, sai hannun injin ya faɗa a kan sauran.

Na ɗauki katakon na shinshina. Ƙamshin dizal har yanzu. Madaci busasshe, ya sha mai, ga shi ba wani guntu irinsa da za a gwada a kai. Kwana tara ya rage.

Abu na farko da na yi, na tafi wajen Malam Waliyyu kafinta, wanda shagonsa ke bayan kasuwar Jega, na karɓo guntayen madaci bakwai. Na yanka harafi ɗaya a kowanne, da tafiya daban-daban, daga ɗari biyu da arba'in har zuwa dubu da ɗari biyar. Na jera su a tabarmar zaure daga mafi baƙi zuwa mafi tsabta, kowanne da ɗan tulin abin da ya fita daga cikinsa a gefe, gari a wannan ƙarshe, tsaki a wancan. Na koma gefe na zauna. A ganina katako bakwai sun isa su faɗi abin da bakina ba zai faɗa ba. Baba ya ɗauki na shida, wanda aka yi a dubu da ɗari biyu, ya shafa shi da babban yatsa, ya yaba. Sannan ya ce yana daga cikin gida ya ji lokacin da ake yin wannan, injin yana gurnani, teburin yana rawa. Ya ce a kan guntun banza ba laifi, amma ba zai sa a yi wa katakon nan haka ba.

Abu na biyu, Rahma. Auta ce, tana iya zama kusa da shi ta ɗauki hularsa ta sa a kanta. Na zaunar da ita na yi mata bayani sau uku, har da zane a bayan kwali. Ta ce, Baban Munira, in na je da wannan lissafi naka zai ce miji ya aiko ni in koya masa tuƙi. Na ce to ta faɗa yadda za ta iya. Ta je da yamma, ta dawo da goro biyu da ya ba ta. Na tambaye ta me ta ce. Ta ce ta gaya masa ko zai ɗan ƙara wa injin sauri kaɗan don kada ya gaji da zama. Shi kuma ya yi dariya ya ce wanda ya yi kwana uku a sitiyari zuwa kudu, zaman awa uku ba zai kashe shi ba. Na buɗe baki zan yi faɗa, na ga idonta, na rufe. Ubanta ne, ta faɗa iyakar yadda ɗiya ke faɗa.

Na uku, na koma wajen Malam Waliyyu. Taubashin Baba ne, ɗan kawunsa, tun suna yara ba abin da ba ya gaya masa. Shi kam ya gane nan take, domin ya san zarto in ya dakushe yadda yake ƙona katako. Ya ajiye aikinsa ya bi ni. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Giya-Biyu, bawana, an ce mini za ka gasa katako ka ci da yaji."

"Mai-ƙusa, wa ya buɗe maka ƙofa? Shekara arba'in kana buga ƙusa, ɗaya ba ta taɓa shiga a miƙe ba."

"Ka ji ni da kyau. Wanga inji ba mota ba ne. In ka ja shi a hankali, ƙonewa zai yi. Surukinka ya sani, kunya ta hana shi."

Na sunkuyar da kai, ina cewa a raina yau an faɗa. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce ai ya san hassada ce, tun ranar da inji ya shigo gidan nan kafintocin Jega ba su ƙara barci ba. Ya tuna wa Waliyyu shekarar da ya ce masa ƙyauren motar ba zai kai damina ba, ga shi ya kai damina talatin. Waliyyu ya rantse da gaske yake. Baba ya ce ai kullum da gaske yake. Suka ci gaba da ja-in-ja har aka kawo fura, maganar ta bi cikin sauran tsokanar shekara sittin ta ɓace. Da za mu fita, Waliyyu ya ce mini a hankali, "Ɗana, ni ko gobara na ce mishi ana yi, sai ya ce wasa ne. Kai ne za ka faɗa."

Na yi tunanin dabara. In na sa dubu shida a kati, ya rage zuwa kashi ashirin, ya faɗo daidai dubu da ɗari biyu. Amma injin ba ya wuce dubu biyu da ɗari biyar, kuma in ranar ya manta bai rage ba, bakin zai tsage katakon gida biyu. Na bar dabarar. Na sa lambobin gaskiya, na ce wa kaina in lokacin ya zo zan yi magana.

Ranar Alhamis da hantsi muka ɗaure katakon. Baba ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na sa sabon baki, na murɗa juyi zuwa biyu, wato dubu goma sha biyar, na duba kati: minti talatin da takwas aikin zai ci. Ƙarfe sha ɗaya da rabi daidai. Na ja da baya na durƙusa.

Ya yi bisimilla. Ya miƙa hannu ya murɗa juyi daga biyu zuwa shida. Ya ɗauki rimot ya danna rage tafiya, ina ƙirgawa, sau takwas. Lissafin ya yi kansa a kaina ba tare da na so ba: tafiya ɗari biyu da arba'in, juyi dubu talatin, kowane haƙori zai ɗauki kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata. Minti talatin da takwas ya zama awa uku da minti goma.

Na ce, "Baba, ko da za a ɗan…"

Ya ɗaga hannu, bai ko juyo ba. "Malam, waɗanga mutane sun sha gudu a duniya. Bari a bi da su sannu."

Na ce haka ne, Baba.

Daga ƙasa injin ya fara, da Bawa makaniki. Gari ne ke tashi, ja, mai laushi kamar hoda, yana komawa ya cika ramin haruffa. Kafin a gama suna na biyu zauren ya ɗauki wari, rabi na gasa, rabi na tsohuwar tasha. Baba ya ja numfashi ya ce ka ji ƙamshin motar. Yana zaune a kujerarsa, duk sunan da ya fito sai ya ba ni labarin mai shi: yadda Maidamma ke dafa shayi da ruwan lagireto, yadda Altine ya taɓa mantawa da matarsa a tasha. Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawo haka ba. Ina sauraro, ina kallon bakin yankan yana sauya launi, ina share garin da ɗan buroshi duk bayan minti biyar. Sau uku na shirya kalmomi a bakina. Sau uku ya fara sabon labari.

Da lambobina, da sha biyu da minti takwas mun gama. Ƙarfe biyu aka kira azahar, an yi suna bakwai, ana cikin Labbo, saura Ya'ƙub a sama, daidai inda jarka ta fi jiƙa katakon. Baba ya miƙe ya ɗauki buta. Na ce ko a dakatar da injin har mu dawo. Ya ce a bar shi, abin da ke tafiya haka a hankali me zai same shi, kuma in an tsayar a tsakiyar suna tabo yake bari. Na ce to ni in tsaya. Ya dube ni, karo na farko a ranar, ya ce salla ba ta jiran katako. Masallacin taku saba'in ne daga ƙofarsa. Na bi bayansa.

Minti sha huɗu muka yi. Muna fitowa na hango hayaƙi yana fita ta tagar zaure. Na yi gudu, ranar ce kaɗai na taɓa shiga zauren da takalmi. Inna Gudiya ta riga ni, ta zare waya daga bango, ta juye tulun ruwa a kai. Garin da ya taru a ramuka shi ya kama, man da ke cikin katakon ya karɓa. Kashi ɗaya cikin uku na sama ya zama gawayi, da rami a tsakiya wanda hannuna zai shiga. Labbo ya tafi, Shayau ya tafi, rabin Altine ya tafi. Inda aka bar wa Ya'ƙub, nan ramin yake. Ko harafi ɗaya nasa ba a kai ga yankawa ba.

Baba ya shigo a hankali. Ya kwance maɗauran da kansa, huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga katakon, ruwa baƙi yana zuba a farar rigarsa. Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, ko abin da Waliyyu ya faɗa ke nan. Na ce shi ne. Ya tambaya ko na san haka za ta faru.

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na shinshina katakon."

"Kana durƙushe nan awa biyu da rabi, kana kallo."

Na dubi takalman da ke ƙafata.

"Da ɗana ne kai, da ka ture hannuna." Ya naɗe katakon a bargon. "Amma ka yi ladabi. Ba wanda zai ce ba ka yi ladabi ba."

Ya shige cikin gida. Inna Gudiya ta tsaya da tulu a hannu, ita ma surukata ce, ba ta iya ce mini komai, ni ma ba na iya ce mata. Na share ruwan, na tafi.

Ranar Asabar bai je Aliero ba. Ni na je, ban san dalili ba. An rataye wata babbar leda mai hotuna a bangon sabuwar rumfar, da sunayen waɗanda suka ba da bulo da kwano. Na karanta, sha huɗu ne. Ba ko ɗaya daga cikin taran. Wani tsoho ya kawo tsohuwar oda ta roba, wani ya kawo hoton mota, aka jingine su a lungu bayan lasifika. Na tambayi wasu matasan direbobi uku ko sun san Labbo. Ɗaya ya ce ko mai sayar da taya ne.

Ni ba na iya barin abu a karye. A mako na gaba na samo sabon madaci a wajen Malam Waliyyu, na yanka shi daidai awon wancan, hamsin da takwas da ashirin da takwas. Na roƙi Inna ta bakin Rahma a ba ni aron injin, na sauya baki, na gyara wayar da ta narke. Juyi dubu goma sha biyar, tafiya dubu da ɗari biyu, zurfi ɗaya da rabi. Tsaki ya riƙa tashi mai kyau, na taɓa bakin bayan an gama, ɗumi kawai. Minti talatin da takwas. Sunaye tara, Ya'ƙub a sama, ko ɗigon ƙuna babu.

Na cire takalmi, na durƙusa, na ajiye a gabansa. Ya ɗauka, ya bi kowane suna da yatsa daga ƙasa har sama. A na sama ya tsaya.

"Ya yi kyau," ya ce. "Amma ba a ɗauko shi bisa wanga ba."

Ya miƙa wa Inna Gudiya. Yanzu shi ne murfin randar da ke bakin madafa, rubutun yana kallon ruwa. Injin yana kusurwar zaure a rufe da buhun albasa, wata biyar ke nan bai kunna shi ba, maƙwabta sun daina kawo lambar ƙofa. Ƙonannen katakon yana ƙarƙashin gadonsa a cikin bargo. Rahma ta ce wani lokaci da safe takan tarar da shi yana ƙirga yatsu, kuma kwanan nan a na shida yake tsayawa.

Har yanzu ina zuwa gaisuwa kowace Juma'a bayan masallaci. Nakan durƙusa a inda na saba, ya tambayi aiki, ya tambayi jikarsa Munira, ya ce rana ta yi zafi bana. Nakan ce haka ne, Baba.